Igiyar Haisa

Ran da aka kawo ta ajina Litinin ce,
zafin Sakkwato ya hau kwano tun da hantsi.
Ubanta ya tsaya bakin ƙofa
da warin albasa a rigarsa,
ɗan dako ne a kasuwar Kara.
Ya ce, "Haisa. Daga Doso."
Bai ƙara ba, ya juya.

Na ba ta benci na baya, kusa da taga.
Turancina bai isa kunnenta ba,
Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba,
Faransancin da ta ƙunso cikin jaka kuwa
ya zama sefa a hannun mai ƙosai:
kuɗi ne, amma ba mai canji.

Mako uku tana zaune.
In an kaɗa ƙararrawar tara
yara su watse kamar an ɓarke buhun gero,
ita ta rage a gindin dogonyaro
tana zanen ƙasa da tsinke.
Na rubuta a rajista: ba ta magana.
Har yau ina jin kunyar layin nan.

Sai wata Laraba ta zo da igiya,
irin ta ɗaurin bakin buhu,
an ƙulla ta wuri uku.
Ta tuɓe silifa, ta tamke gefen hijabi a ƙugu,
ta ɗaga.

Afo. Ihinka. Ihinza.

Luba ta riƙe ciki don dariya:
"Ke, mi taka hwaɗi?"

Itaci. Igu. Iddu.

Igiya na lasar ƙasa tana wucewa,
diddige ba ya sauka, yatsu kaɗai.
Dariya ta riga numfashinta ƙarewa.
Masu langa suka saki ƙafa,
mai tsaron gida ya bar raga, aka ci shi bai sani ba.
Ni ma ga ni da ƙararrawa a hannu,
na manta abin da ake yi da ita.

Kashegari Luba ta kama baki ɗaya,
Nasara ta kama ɗayan,
Haisa a tsakiya tana nuni da haɓa:
yanzu, shiga, yanzu!
Wadda ta harɗe ta faɗi, ita ke miƙa mata hannu.
Kalmarta ta farko da na ji da Hausa
ba daga allona ta fito ba.
"Tashi," ta ce. "Tashi, sake."

Kafin damina ta sauka
filin duka da Zabarmanci yake ƙirga.

Bayan hutu bencin ya zama wayam.
Wasu sun ce Illela, wasu sun ce Kamba,
wani ya ce aikin albasa ne ya ƙare.
Ba wanda ya zo karɓar takardarta.

Igiyar tana nan, ƙulli ya kai bakwai.
Luba ke ajiye ta a ƙasan benci.
Jiya na ji 'yan aji ɗaya, da ba su taɓa ganinta ba,
suna ihu: iyye, ahaku, yagga, iwai!
Daga nan sai su koma afo,
don goma kaɗai ta samu ta koya musu.

Na buɗe tsohuwar rajista,
na ja layi a kan layina.