Ƙugiya

Shagona na kallon ƙofar kotu a Kumo.
Tebur ɗaya, benci ɗaya, kwamfuta mai tari,
da janaretan da ba ya tashi sai an lallashe shi.
Sana'ata mai da kukan mutane Turanci,
ɗari biyar kowane shafi.

Da hantsi Innawuro ta shigo,
ta jingine sanda, ta kwance bakin zane,
ta ce, "Rubuta, ɗan nan.
Maganar rijiyar gonar 'ya'yan ƙanin mijin yayata ce."

Da numfashi ɗaya ta faɗa,
ko tuntuɓe ba ta yi ba.
Hausa ta tashi daga bakin rijiya,
ta ratsa gona kunya-kunya,
ta gaida 'ya'ya, ta gaida ƙani, ta gaida miji,
sannan ta yi sallama a gida.
Ɗan "n" nan, ɗan "r" can,
kowa ɗaure kusa da ɗan'uwansa
kamar maruƙa a dangwali.

Turanci kuwa da baya yake tafiya.
Mai abu tukuna, abu daga baya.
Ka fara da kanka, ka kira yaya, ka kira miji,
rijiyar da ake ta rigima a kanta
sai can ƙarshen layi,
in ƙishirwa ba ta kashe alƙali ba.
Kuma kowa sai ka rataya masa ƙugiya a kafaɗa,
ɗan waƙafin nan da ya ƙi zaman ƙasa.

Na jera huɗu. Na karanta.
Ni da na rubuta ma na ɓace a hanya.

Sai na tuna Malam Lamela a Billiri,
alli har a gira, yana ƙwanƙwasa allo:
"Ƙugiya kafin es, mutum ɗaya.
Bayan es, taron dangi.
Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba."
Muka yi ta dariya a bayan aji.

Yau ga kunamar ƙarƙashin yatsana.
'Ya'yan nan uku ne.
In ta gusa taki ɗaya hagu,
rijiya ta zama ta Hammadikko shi kaɗai,
Gidado da Bappayo su koma jiran 'yan ga-ruwa.
Abin da sanda ta kasa ƙwacewa shekara tara,
ɗigon tawada ya ƙwace kafin azahar.

Na goge duka. Na kwance dangwali.

Akwai rijiya.
Tana cikin gona.
Gonar ta mutum uku ce, ga sunayensu.
Ubansu Buba ya rasu.
Shi ƙanin mutumin da ya auri yayar mai wannan takarda ne.

Jimla biyar, kowace a kan ƙafarta,
ba mai goyon wata.

Na karanta mata da Hausa.
Ta daɗe tana murza goro a tafi,
ta ce, "Ka yanka mana zumunci gunduwa-gunduwa,
mu da muke abu guda."
Na ce, "Inna, a can sai an rarraba ake ganewa."
Ta ce, "Ashe shi ya sa kotu take son yaren."

Ta dangwala babban yatsa a ƙasa,
shuɗi, faffaɗa, ba mai cewa bai gani ba.
Ta biya da 'yan hamsin-hamsin masu ƙanshin daddawa,
ta tsallaka titi, takarda a ka saboda rana.

Da la'asar na fito rufe shago
na ɗaga kai ga allon da ke bisa ƙofa.
Sunana na nan, es ɗin na nan.
Ƙugiyar ce ruwan bara ya wanke,
ni ban lura ba.
Damina guda ke nan, a Turance,
shagon nan ba nawa ba ne.