Inci Shida

Daren Talata a Halifax, ruwa na bin gilashin taga,
a ɗakin bayan coci, inda hita ɗaya ke tari kamar tsoho.
Mun haɗa tebur biyu, mun shimfiɗa koren bargo,
mun cusa littattafai ƙarƙashinsa, suka tashi tuddai.
Soso ya zama kurmi, shuɗin ƙyalle ya zama rafi.
Yaƙin da aka gama shekara ɗari biyu,
mu ne muka hana shi kwanciya.

Desmond Ackroyd ya buɗe gwangwanin biskit,
yana zaro mutanensa daga cikin auduga,
sojojin dalma, ko ɗan yatsa ba su kai ba,
jar riga, farar ɗamara, har da maɓallai.
Maɓallan, Glenys ce ta ɗiga su da bakin tsinke,
don shi hannunsa bai san zama wuri ɗaya ba.

Ƙa'idar ba wuya.
In kun ja sahu, kafaɗa da kafaɗa, inci huɗu za ku taka,
amma kowace bindiga na da bakin magana.
In jerin gwano ne, inci shida,
sai dai na gaba kaɗai ke harbi, saura ƙeya suke kallo.
Rafi na cin rabin tafiya, tudu ma haka.
Mai sauya tsari ya biya da zagaye guda yana tsaye.
Abin da ka taɓa kuwa, ka taɓa,
sai ya motsa.

Akwai kuma kusurwa huɗu:
baya da baya, tsini waje ta ko'ina kamar bushiya.
Doki ba ya shiga.
Ba a kuma tafiya a haka, ko taku ɗaya.

Shi ya koya mini yadda sahu ke juyawa.
Na bakin can ya sha doguwar hanya,
na gindi yana nan kafe kamar turke, a kansa ake lanƙwasa.
Ya ce, "Shekara talatin da takwas ina tuƙa bas
zuwa Bradford in dawo, zuwa Bradford in dawo.
Ka san wa ke gindi."

Tun watan Maris, tun da muka dawo daga maƙabarta
da laka a takalman coci,
ba ya kafa komai sai kusurwa huɗu.
Ya zauna, ya naɗe hannu,
'ya'yan lido na sanyi a gabansa kamar shayinsa.
Na kewaya shi da mahaya mako goma sha ɗaya,
ban sami ƙofa ba.

Yau na kwashe dawakaina, na mai da su akwati.
Na ce, "Duba filin. Babu kofato ko ɗaya."
Ya ce, "Littafi bai ce dole in tashi ba."
Gaskiyarsa. Na duba, bai ce ba.

Muka yi shiru, hita na tari.
Sai ya ga mai tuta ya ɗan karkace a tsakiya,
wanda ta yi wa gashin baki ya fi na kowa kauri.
Ya miƙa hannu zai gyara,
hannun ya yi abin da ya saba,
mutum uku suka kwanta, sahun gaba ya buɗe.

Ya dube ni. Ban ce uffan ba.
Shi da bakinsa ya faɗa: "Na taɓa."

Ya biya zagayensa yana tsaye.
Ya jera su bi-da-bi, mai tuta a gaba.
Ya ja tef ɗin awo, ƙarfen na rawa a yatsunsa,
ya auna zuwa gadar ashana da ke kan rafi.
Inci shida littafi ya ba shi.
Ya zarce da rabi.
Na gani sarai.
Na kai kofi baki, na juya ina kallon ruwa.