Ajin Huwaila

Kwana goma sha tara ke nan da kulle gari.
Titin Ƙofar Marusa ya yi tsit,
har kukan kurciyar maƙwabta nake ji daga madafa.
Tasi'u na can Legas, tirelarsa ta kwanta a gareji.
In ya bugo sai ya ce, "Ya yaran?"
in ce, "Lafiya lau,"
da muryar da na ajiye musamman don wannan ƙarya.

Makarantar da nake koyarwa an sa mata kwaɗo.
Ba kuɗin ɗalibai, ba albashi, in ji mai ita.
Allin da ya rage a jakata uku ne da rabi.
Masarar buhu kuwa na daina auna ta da tiya,
da tafin hannu nake aunawa,
da daddare, bayan sun yi barci.

Mu'azu, ɗan shekara shida, ya koma fitsarin kwance.
Bai faɗa ba, ban tambaya ba,
tabarma ce dai ke hawa igiya kowace safiya.

Ran Laraba, ga azumi, ga rana na dukan kwanon rufi,
Huwaila ta ture kwalbar man gyaɗa.
Ina kallo ƙasa na shanye kuɗin kwana huɗu,
hannuna ya riga hankalina isa kuncinta.
Ba ta yi kuka ba.
Ni ce na shiga banɗaki da buta cike,
na daɗe,
na fito da ita cike.

Da la'asar na ji murya a bayan ɗaki.
Ta jera takalman gidan nan a gindin bedi,
silifas a gaba, kambas ɗin Mu'azu a baya,
ta ɗaura ɗankwalina, ta ɗauke rabin allin nan,
tana zana baƙaƙe a jikin randa.
"Kai, rufe mini baki!" ta daka wa wani takalmi tsawa
da muryata sak, har da yadda nake jan numfashi.
Ta ɗaga hannu.
Sai ta tsaya.
Ta durƙusa, ta goge shi da bakin zani,
ta ce, "Yi haƙuri, Malama ce ta gaji."

Ludayin kunu na hannuna
har ya huce.

Da ladan ya kira magariba a masallacin da ba kowa,
na raba dabino ɗaya gida uku,
na ce, "Huwaila, gobe akwai wuri a ajinki?"
Ta dube ni tsaf kamar mai duba rajista.
"Akwai. Amma a ƙasa ake zama,
kuma ba a duka."

Tasi'u ya bugo bayan asham ɗinmu ta tsakar gida.
"Ya yaran?"
Na buɗe baki zan ɗauko tsohuwar amsa,
Mu'azu ya fizge wayar:
"Baba, an sa Umma a makaranta!"