Mako Shida a Valparaíso

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da birki ɗaya.
Taragon katako na hawa tudu da igiyar ƙarfe,
ɗan'uwansa na sauka, su gaisa a tsakiya.
Sai ga wasu samari da hulunan kwano
sun kafa akwati ruwan toka a ɗakin inji,
suka ce daga bana shi ke da aiki,
ni kuwa, Eleuterio, in zuba ido.

Zuba ido ba sana'a ba ce.
Na sa hannu a takardar jami'a:
mako shida, daren Talata da safiyar Asabar,
ba a tambayi shekaruna ba, ni ma ban faɗa ba.

Makon farko na ƙona yatsa.
Malama Yasna ta ce, riƙe shi kamar alƙalami,
bari dalma ta je wurin zafi da kanta, kar ka tura ta.
Hayaƙi siriri ya tashi mai ƙamshin ƙaro,
ɗigon azurfa ya zauna a gindin waya,
ƙwai ja ƙanƙane kamar ƙwayar wake ya kama.
Na daɗe ina kallonsa.
Ashe wutar da nake biyan kuɗinta duk wata
ba mu taɓa gaisawa ba sai ranar.

Suka haɗa ni da Nibaldo, ɗan shekara sha tara,
yatsunsa a kan kwamfuta kamar ruwan Yuli a kan kwano.
Nawa kuwa sai sun nemi harafi gida-gida.
Waƙafi mai ruwa guda ɗaya na manta,
allo ya cika da jan rubutu,
ya tsare mu har mai gadi ya fara kaɗa makullai.
Na ce, wannan abu bai san uzuri ba.
Nibaldo ya ce, bai san ƙarya ba dai, Kawu.

Mako na huɗu muka haifi abinmu:
taya biyu, batir huɗu, ido biyu masu kallon ƙasa,
aikinsa ya bi baƙin layi a kan farin tebur.
Ya ƙi.
Sai juyi yake a wuri ɗaya kamar kare na neman jelarsa.
Yaron ya karanta umarni sama da ƙasa, sau bakwai,
babu kuskure.
Na ce a yi shiru.
Na kanga kunne kamar yadda nake wa igiya da asuba.
Na hagu na kuka, akwai abin da ya shaƙe shi.
Muka kwance: zaren rigar sanyi ne ya naɗe a gindin taya,
kuma launin rigata ne.

Ranar ƙarshe tebur ya cika da tsere.
Na wasu ya wuce fuu, ya yi tsalle ya faɗi ƙasa,
na wasu ya isa ya ci birki har batir ya fice.
Namu ya zo na tara cikin goma sha ɗaya.
Dab da ƙarshen layi ya sassauta,
ya ƙara sassautawa,
ya tsaya ba ko girgiza.
Malama Yasna ta duba allo, ta ce wa ya ƙara layukan nan uku?
Na ce ni ne.
Akwai wata tsohuwa, Doña Ercilia,
tana hawa da kwandon kifi kullum ƙarfe bakwai,
gwiwarta ba ta son tsayawar bazata.
Malama ba ta ce komai ba, ta ɗauki hoton allon.

Litinin, hazo bai bar teku ba tukuna,
jiragen ruwa na nishi can ƙasa,
na buɗe akwatin nan ruwan toka da sukundireba.
Wayoyi, makunnai, ƙananan fitilu kore.
Rabinsu na san sunansu.
Sauran rabin na rubuta a bayan tikiti,
domin an ce akwai wani mako shidan a watan Oktoba.