Cokali Ɗaya

Zayyanu ne ya kawo shi
cikin roba mai baƙin murfi,
ya dire kusa da gwangwanin shayi.
Na ce, "Wannan fa, kanwa ce ko alli?"
Ya ce, "Kiriyatin ne, Umma.
Giram biyar, cokali ɗaya, kullum."
Na dangwala da yatsa.
Ba zaƙi, ba ɗaci,
sai ƙuruƙuru kamar yashin rafi a haƙori.

Ni da na shekara goma sha ɗaya
ina kwana tsaye a gidan tsofaffi a Sheffield,
ina ɗaga Mista Hargreaves daga gado zuwa kujera,
ina juya Doreen kada kwanciya ta ci mata baya,
ni za a koya wa ƙarfi?
Sai dai gwiwa ba ta jin cika baki.
Tudun Walkley ya san asirina:
sau biyu nake tsayawa a hawansa,
in yi kamar ina duba waya.

Likita ta duba takardar ƙodata,
ta ce babu laifi, in dai yawaita ruwa.
Na juya robar, na sa tabarau,
sai da na ga tambarin halal na yarda.

Mako guda, shiru kake ji.
Mako na uku sikeli ya ƙara mini kilo.
Na kira yaron da faɗa a baki.
Ya ce, "Ruwa ne tsoka ta riƙe,
ai sabuwar randa sai ta sha
kafin ta ba wa wani sanyi."
Ɗan da aka haifa a nan, wai shi ya san randa!

Talata da Asabar, lokacin mata,
ina zuwa ɗakin motsa jiki.
Ƙarfe mai kilo goma sha biyu
da can sau takwas nake ɗaga shi, hannu ya mutu.
Yanzu akwai na tara.
Wani lokaci na goma yakan zo da rawar jiki,
kamar baƙon da bai tabbatar da gidan ba.
Cinyar da takan kwana uku tana mita,
kwana biyu take yi ta yi shiru.
Ba wani abin a buga ganga ba ne,
gyara ce ta mai awo bayan mudu ya cika.

Ƙarfe uku na dare shi ne alƙalina.
Nan ne lambobi suke iyo a takardar magani,
nan ne nake ƙirga ƙwaya sau uku
don ban yarda da idona ba.
Kwanan nan hazon ya ɗan yi shara-shara.
Na tuna sunan jikar Doreen
tun kafin ta gama laluben sa.
Garin ne? Ƙarfen ne?
Ko yardar da na ba cokalin?
Ban sani ba, kuma ba zan rantse ba.

Sai na ɗauka na yi wa barci wayo.
Na karɓi ƙarin dare biyu.

Ranar Juma'a da sassafe,
ruwa na tsiyaya a gilashin jirgin titi,
na ce bari in ɗan jingina kai.
Kwandasta ce ta taɓa kafaɗata
a Malin Bridge, ƙarshen layi,
jakata a ƙasa, lemo ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera.
Barci mai bin bashi ne na asali,
ba ya karɓar gari a madadin kuɗinsa.
Ya ɗaga maka ƙafa yau,
gobe ya tare ka a bainar jama'a.

Na mayar da dare biyun.
Na sayi labule mai kauri, shuɗi.
Yanzu in na dawo, in yi wanka,
in kaɗa cokalina a ruwan ɗumi,
in shanye har da gurbin ƙasan kofi,
in kife waya.
Zayyanu ya san dokar:
ko gidan na ci da wuta,
a bari sai azahar.