Rubutun Jikin Kwalba

Asubar fari nake shiga trotro a Nima,
rikoda a jaka, batirinta na numfashin ƙarshe,
koko da ƙosai a leda, in karya a hanya.
Gidan rediyonmu na hawa na uku a Adabraka,
matakala arba'in da biyu, shekara huɗu ina ƙirga su.
Mista Danso, editanmu, ba ya ɗaga kai in na shigo:
"Wa ya faɗa? Yaushe? Kin gani da idonki?"
Tambayoyin nan uku su ne jami'ar da na yi.

Albashi kuwa baƙo ne mai yawan alkawari.
Mai shinkafa da wake ta bakin kwata
ta fi bankina sanin halin da nake ciki.

Labarin da ya fara fito da sunana
na matan Makola ne masu shafa man bilicin.
Na zauna da Mma Azara a bayan rumfarta,
ta janye mayafi, ta nuna min wuyanta:
fata ta koma ɓawon albasa,
jijiya kore kwance a fili kamar tsutsa.
Ta ce, "Kada ki sa sunana.
Sa wuyan kawai, ya ishe su."

Bayan damina biyu aka kira ni Osu.
Ofis mai sanyi, kujera mai juyawa,
kamfanin kayan kwalliya na neman mai magana da yawunsa.
Na koyi buga wa 'yan jarida waya,
waɗanda jiya muke fakewa a lema ɗaya,
na koyi jera kwalabe a otal,
da gane fitilar da ke yi wa baƙar fata adalci.
Ba na jin kunyar aikin.
Shi ya toshe yoyon ɗakin Inna,
shi ya kai Bashiru aji na ƙarshe.

Sai wata Laraba, Madam Serwaa
ta dire kwalba a kan teburina:
"Rubuta abin da za mu liƙa.
Sa 'haske'. Haske cikin mako biyu."
Na juya kwalbar, na bi ƙananan baƙaƙen.
Man kaɗanya ne daga Tamale, da zuma, da turare.
Babu guba a ciki.
Gubar a kalmar take.

Na ji takun ƙafata a matakalar Adabraka.
Wa ya faɗa? Kin gani da idonki?

Na rubuta "laushi".
Ta soke da jan biro. Na sake rubutawa.
Muka ja har aka ɗauke wuta,
muka ci gaba da ja a duhu, janareta na tari.
Ta ce, "In bai sayu ba, wuyanki."
Na ce na san wuyan da nake tunani.

Watan jiya na bi ta Makola.
Ga kwalbarmu a rumfar Mma Azara, jere na biyu.
Ta ce, "Karanta min, idona ya gaji."
Na ce, "Laushi."
Ta yi dariya har haƙorin Makka ya fito:
"A kasuwar nan wa zai sayi laushi?"

Sannan ta buɗe murfin,
ta lakato da ɗan yatsa,
ta janye mayafi.