Jan Layi

Shekara talatin da ɗaya ina ofishin safiyo,
can kusa da Gidan Lugga, inda fanka ke juyi ba iska.
Jihar Kaduna shimfiɗe a gabana kamar buzu,
da tsinin fensir na san ta
tun kafin in san ta da tafin ƙafa.

Ƙananan hukumomi ashirin da uku,
kowacce na shafa mata launinta.
Kaciya ruwan citta, Maƙarfi koren rake,
Birnin Gwari na cika ta da ɗigo-ɗigon itace
ban taɓa jin kukan tsuntsunta ba.
Dutsen Kufena, wanda ya ga mulki ya zo ya wuce,
a takardata ƙwayar gero ta fi shi.
Matsirga na ta zuba a ƙasar Kafanchan,
ni ko bakin hannun rigata bai jiƙe ba.
Ranar da aka cire Katsina daga jikinmu
da almakashi na yi aikin,
kafin azahar na gama, har na sha fura.

Sai wata damina aka tura ni duba iyaka,
wani rafi tsakanin Lere da Kauru.
Babur ya ƙi, na tuɓe takalmi.
A bakin gona na tarar da tsohuwa Kande
tana korar awaki daga wata hukuma zuwa wata.

Ta ce, "Ashe kai ne mai jan layin?
Bara ina Lere, ni da rumbuna.
Bana rafi ya sake hanya da dare,
masarata ta wayi gari a Kauru.
Masu haraji biyu sun zo, kowa da rasiɗinsa.
Da na yi maganar rijiya,
kowa ya nuna mini tsallake."

Na buɗe taswira a kan gwiwata.
Layina na nan, ja, bai gusa ba,
rafin kuwa bai iya karatu ba.

Ta gasa mini masara guda biyu.
Na zauna a kan kunya na cinye,
har yau ban san a wace hukuma na ci ba.

Litinin na koma ofis da magogi a hannu.
Takardar an riga an buga mata hatimi.
Na mayar da ita aljihun tebur,
taɓon Kande na bushewa a ƙafar wandona.